Zuwa Tafki da Katako Biyu da Naɗin Kafet

Jirgin ruwa mai inji idan yana kan tirelarsa, kwance yake a kan katako biyu ko huɗu da aka lulluɓe da kafet, kuma muddin yana kai babu yadda za ka yi ka cire katakan nan. Shi ya sa sauya musu kafet yakan zama tafiya: ka ja jirgin zuwa ruwa, ka sauke shi, ka ɗaure, ka janye tirelar gefe ka yi aikinka. Akwai masu ɗaga jirgi da jak a gida, su tokare shi da gungume, su gyara ɓangare ɗaya sannan su koma ɗayan. Yana yiwuwa. Amma jirgin faiba, wato wanda aka ƙera jikinsa da zaren gilashi da aka daskarar, mai tsawon mita 5, da injinsa da mansa, yakan doshi tan guda, kuma ban ga abin da zai sa mutum ya kwanta ƙarƙashin wannan nauyi yana kokawa da noti mai tsatsa ba, alhali ruwa zai ɗauke masa shi kyauta. Muka zaɓi tsakiyar mako, lokacin da babu cunkoso a gangaren da ake sauke jirage, ni da ƙanena muka shirya zuwa tafki.

Rabin aikin tun kafin a tashi ake yin sa. Da yammacin ranar da ta gabata, jirgin na zaune daram a kan tirela, na auna tsawon katakan da faɗinsu da tazarar da ke tsakanin mariƙan ƙarfen da ke ɗauke da su, na ɗauki hoton kowane mariƙi da waya. Na fesa wa dukkan notocin man sassauta tsatsa don ya kwana yana ratsawa. Sannan na soka bakin sukundireba a jikin katakon, daidai kusa da inda ƙusoshin suka shiga. Nan ne ruɓa take farawa, domin ruwa ta ramin ƙusa yake shiga. Idan ƙarfen ya nutse ba tare da ka matsa da ƙarfi ba, to katakon ya gama yayi, sabon kafet a kansa asara ce. Namu ya nutse a wuri biyu.

Katakon da aka fi sa wa ƙananan tireloli shi ne wanda ake kira inci 2 da 4, ko da yake ainihin awonsa inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, wato milimita 38 da 89. Manyan jirage kan hau inci 2 da 6, mai faɗin milimita 140. Namu biyu ne, kowanne mita 2.4. Wajen zaɓe, ka ɗaga katakon ka daidaita idonka da gefensa ka duba ko ya karkace, ka guji mai manyan idanu a tsakiya, ka kuma ji nauyinsa. Katakon da aka ɗura wa maganin ruɓa yakan zo da danshi, kuma wanda ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa bai gama bushewa ba, zai iya murɗewa bayan ka ɗaura shi.

Maganin nan yana da nasa sharrin. Tun ƙarshen 2003 aka daina ɗura wa katakon aikin gida tsohon magani mai sinadarin asanik a Amurka, aka koma wasu magungunan da jan ƙarfe ya fi yawa a cikinsu. Jan ƙarfe idan ya haɗu da alminiyam, da danshi a tsakani, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, ƙananan ramuka su fito a ƙasan jirgi daidai sawun katakon. Kafet ba ya hana wannan, jiƙaƙƙen kafet ma shi ke kai saƙon. Mai jirgin alminiyam gara ya nemi katakon da ba a sa wa magani ba ya shafe shi da fenti mai hana ruwa, ko ya sa roba tsakanin katako da jirgi. Jirgin faiba ba ruwansa da wannan matsala, amma ƙusoshi da filolin da za su shiga katakon da ruwansu, domin ƙarfe na yau da kullum nan da nan maganin ke cinye shi.

Kafet kuwa ba na ɗaki ake sawa ba. Na ɗaki bayansa na shan ruwa ya riƙe, ya ruɓar da katako, ya kuma bar danshi manne da jikin jirgi har fatar faiban ta fara yin bororo. Wanda aka yi don wannan aiki zarensa na roba ne da ba ya shan ruwa, ana sayar da shi a naɗe, a yanke da faɗi iri-iri, kuma ana gane kaurinsa da nauyi: oza 16 zuwa 20 a kowane yadi murabba'i shi ne aka saba. Lissafin faɗin mai sauƙi ne. Saman katakon inci uku da rabi, gefe biyu inci uku, jimla shida da rabi. Kafet mai inci 9 zai bar maka inci ɗaya da kwata a kowane gefe da za ka lanƙwasa ƙasa, tsakiyar ƙasan katakon kuma ta zauna a buɗe kamar inci guda. Da gangan ake barin wannan buɗaɗɗen layi, ta nan ruwa ke tsiyayewa katakon ya sha iska. Katako mai inci 6 kafet mai inci 12 ne daidai da shi. A tsawo kuma ka ƙara santimita 15 a kowane baki don naɗewa. Mita 6 muka ɗauko, ya ishe mu har da ragowa.

Sauran kayan da suka shiga but ɗin mota: sitefular aiki mai ƙarfi da kwalin fil na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai tsawon rabin inci, injin huda mai batir da batirin ko-ta-kwana, zarto, sifanoni, filaya mai kulle, guduma, wuƙar yanka kafet da reza da yawa, samfefa, alli, sababbin ƙusoshi da notoci da wasa (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti), da tamfol. Kafet na dakushe reza da sauri, kuma dakusasshiyar reza jan zare take yi maimakon yanka.

Kafin mu ɗaga, na cusa wani guntun tsumma mai kauri a inda tsohon kafet ya yage a baya, don kada kan fil ya goge jirgin a wannan tafiya ta ƙarshe da zai yi a kansa. Muka duba iskar taya, fitilu, da sarƙoƙin tsaro da aka gitta ƙarƙashin wuyan tirela. Bayan kamar kilomita 15 muka tsaya a gefen hanya, na ɗora bayan hannu a kan cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu ya kasa zama, boris na neman giris ko ya fara lalacewa. Hanyar ta bar kwalta mai kyau ta koma wata siririya mai hawa da sauka tsakanin itatuwa, inda kowane rami kana jin tirela ta amsa a bayanka. A irin wannan hanya ake gane aikin katakan: duk tsallen da jirgi ya yi, a kansu yake sauka.

Tafkin ya fara bayyana ta tsakanin rassa kafin mu sha kwanar ƙarshe. Filin ajiye motoci kusan fayau, tireloli kaɗan a jere babu jirage a kansu. Ba mu gangara nan take ba. Cibiyar taya mai zafi idan ta faɗa ruwan sanyi, iskar da ke cikinta takan tsuke ta zuƙo ruwa ta bakin sil, robar da ke toshe bakin cibiyar, don haka muka ba ta kamar minti 15 ta huce. A cikin wannan lokaci muka toshe ramin zubar da ruwa na bayan jirgi, muka kwance bel-bel ɗin baya, muka ɗaura igiya gaba da baya, muka bar bel ɗin winci (na'urar da ke jawo jirgi kan tirela) da sarƙar hancin jirgi a maƙale har sai da tayoyin tirela suka shiga ruwa. Jirgin ya zame a hankali, ƙanena ya ja shi can nesa da gangaren ya ɗaure inda ba zai tare wa kowa hanya ba, ni kuma na fito da tirelar zuwa ƙarshen fili, wuri mai daidaito, na tokare tayoyinta.

Sai yanzu aka ga katakan da kyau. A gaba kafet ɗin ya kwanta ne kawai, amma a baya, inda nauyin inji ke sauka kuma inda hancin jirgi ke fara bugawa wajen hawa, ya cinye har katako ya fito, fari fat ya yi santsi. A gefen yagewar filoli uku sun miƙe tsaye, jajaye da tsatsa, kowanne da ɗan farin gari a kansa, garin fatar jirgin da ya karce. Na buga tafin hannu a inda kafet ɗin ke da sauran gashi, yashi ya tashi. Kafet mai cike da yashi samfefa ne, duk hawa da saukar jirgi sai ya ci wani abu.

Kafin a kwance komai, alli ya fara aiki. Na rubuta dama da hagu, gaba da baya a kan kowane katako, na ja layi a jikin kowane mariƙi inda yake zaune. Notocin da ke daidaita tsayin mariƙi ba a taɓa su, waɗanda suka haɗa katako da ƙarfe kaɗai ake kwancewa. Wanda ya sassauta na tsayi ya jawo wa kansa aikin sake daidaita jirgi gaba ɗaya. Yawancin notocin sun bi sifana, albarkacin man da suka kwana da shi, amma ɗaya ya ƙi: ƙusar na juyawa tare da notin. Irin waɗannan ƙusoshi masu zagayayyen kai suna da wuya mai kusurwa huɗu da ke cizon katako ya hana su juyawa, to idan katakon ya ruɓe babu abin cizo. Sai ka farke kafet ta sama, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin, ka damƙe kan ƙusar da filaya mai kulle. In ya ƙi, zarton ƙarfe ya raba gardama.

Tsohon katako shi ne ma'aunin sabo, shi ya sa ban huda sababbin a gida ba. Muka ɓare kafet ɗin, muka ɗora tsohon a kan sabon, muka daidaita bakinsu na baya, muka sa alamar ramuka. A nan tsari yana da muhimmanci. Faffaɗan ramin da kan ƙusa zai ɓuya a ciki shi ake fara yi ta saman katako, faɗinsa kamar inci guda, zurfinsa milimita 10 zuwa 12, sannan a huda siririn ramin da zai zarce. Idan ka fara da siririn, babban bakin hudar ba zai sami inda zai kafa tsininsa ba, sai ya riƙa rawa yana ɓata wurin. Ƙusoshinmu masu kaurin inci uku bisa takwas ne. Muka buga su da guduma har wuyan ya nutse, kan kowacce ya zauna kamar milimita 5 ƙasa da fuskar katako. Wannan rata ita ke tsakanin ƙarfe da jirginka ranar da kafet ya sake cinyewa. Wasu tirelolin ta ƙasa ake ɗaure katakonsu da manyan sukurori. In haka taka take, ka tabbata tsawon sukurun bai kai kaurin katako da na mariƙi a haɗe ba, ka kuma fara huda masa ƙaramin rami don kada katakon ya tsage.

Muka goge kaifin gefunan sama da samfefa, bakin baya kuma na rage masa kusurwa da zarto ya ɗan yi gangare. Kaifin katako daga ciki yake yanke kafet, kuma a nan baya ne ya fi shan duka. Inda zarto ya ci muka shafe da maganin katako, domin bakin yanka ya fi ko'ina shan ruwa.

Kafet ɗin tun da muka iso na shimfiɗa shi a rana. Idan ya ji ɗumi yakan saki, ya miƙu ba tare da wahala ba. Muka kife shi a kan tamfol, muka kifa katakon a tsakiyarsa, ƙusoshin na kallon sama. Kafin nan sai ka shafa gashin da hannu ka ji inda ya kwanta. Ana muhawara kan ko ya kwanta gaba ko baya, ni abin da na fi kulawa da shi shi ne katakan biyu su fuskanci wuri ɗaya, don kada ɓangare guda ya fi ɗan'uwansa santsi jirgi ya riƙa hawa a karkace. Daga tsakiya ake fara buga fil, a bi gefe ɗaya zuwa bakuna, fil ɗaya duk santimita 5, kwance da tsawon katakon. Sannan a koma ɗaya gefen, mutum ɗaya ya ja da filaya iya ƙarfinsa, ɗaya ya buga, shi ma daga tsakiya. Wanda ya fara daga baki zai tarar da tattara ta taru masa a tsakiya, kuma duk inda kafet ya yi sako-sako nan jirgi zai tura shi ya naɗe ya yage. Duk filolin a ƙasan katako suke, ko ɗaya ba ya hawa sama. Wanda bai shige duka ba a ƙarasa shi da guduma. Kowane katako ya ci fil ɗari da 'yan kai.

Bakin katako shi ne inda ake gane hannu. Idan ka naɗe kafet ɗin yadda ya zo, zai yi ninki uku ko huɗu, fil mai rabin inci ba zai kai katako ba. Sai ka yanke kusurwoyin biyu ka zubar, ka bar harshe ɗaya mai faɗin katakon, ka shigar da 'yan kunnuwan gefe ciki, ka jawo harshen ta kan baki ya sauko ƙasa kamar santimita 8, ka jera masa fil layi biyu. Saman da bakin duk kafet ɗaya ne ba haɗi, babu inda hancin jirgi zai samu ya kama. Bakin yankan da ya fara warware zare na bi shi da wutar laita a gurguje, zaren ya narke ya kama juna. Inda katako zai zauna a kan mariƙi kuma na yanke kafet ɗin na sa guntun roba mai tauri, saboda kafet da aka matse tsakanin ƙarfe da katako yana ci gaba da lotsewa, noti ya saki.

Ƙanena ya ɗago gwangwanin gam da ya gani a but ya ce, "Yaya, wannan fa, ba za mu shafa ba?" Na ce ya mayar. Gam na hana kafet zamewa, gaskiya ne, amma yana buƙatar yini guda ko fiye kafin ya kama, mu kuwa da yamma jirgi zai hau. Yana kuma toshe fuskar katako ya riƙe danshi, ranar sauyi na gaba kuma sai ka kankare shi. Kafet da aka ja ya yi tsam ba ya neman gam. Wani dattijo da ya zo sauke nasa jirgin ya tsaya yana kallonmu, ya nuna mana tirelarsa da aka lulluɓe katakanta da farar roba mai santsi maimakon kafet. Ba ta riƙe ruwa, ba ta tara yashi, jirgi na sauka da turawar hannu ɗaya. Santsin nan kuma shi ne haɗarinta: wanda ya saba kwance bel ɗin winci tun daga saman gangare, ranar da ya koma roba zai iya ganin jirginsa a kan siminti. Ga jirgin alminiyam da mai shiga ruwa mara zurfi tana da amfani sosai. Ga faiba mai sheƙi na fi natsuwa da kafet.

Mayar da katakan bai ɗauki lokaci ba. Na shafa ɗan giris a zaren kowace ƙusa, domin ƙarfen da ba ya tsatsa yana da halin cijewa da notinsa idan aka ɗaure shi a bushe, har ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wasa, sannan noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Mariƙanmu masu juyawa ne a sama, sai na bar notin juyawar da ɗan sassauci don katakon ya bi karkatar jikin jirgi da kansa. Muka tattare tamfol ɗin da duk tsofaffin filolin a ciki, muka bi ƙasa da ido muka tsince waɗanda suka tsere. Fili ne da tayoyin mutane ke bi.

Wajen ɗora jirgi, na fara nutsar da tirelar har kafet ɗin ya jiƙe duka, domin busasshen sabon kafet riƙe jirgi yake yi, winci ya sha wahala. Sannan na ja gaba har kamar kashi ɗaya cikin uku na katakan ya fito daga ruwa. Idan tirela ta nutse da yawa jirgi yawo zai yi a samanta ya sauka a karkace, idan ba ta nutse sosai ba kuma sai an ja shi da tsiya. Muka jawo shi da winci har hancinsa ya taɓa robar gaba, na fito a hankali zuwa wuri mai daidaito, muka durƙusa muna leƙe. Abu huɗu ake nema. Kada a ga haske tsakanin kafet da jikin jirgi, kuma guntun kwali da ka tura kada ya shige ko'ina. Bangon baya da inji ke rataye a kai ya zauna a kan katako, har katakon ya ɗan leƙo bayansa da inci ɗaya ko biyu, in ba haka ba nauyin inji zai lanƙwasa ƙasan jirgin a hankali har ya shafi gudunsa a ruwa. Jijiyoyin da ke bin tsawon ƙasan jirgi su kwanta gefen katako, ba a kansa ba. Na'urar auna zurfi da ke maƙale a baya kuma kada ta taɓa komai. Da muka gamsu, na ɗaure notocin juyawar, na bi sauran duka da sifana.

Muka cire toshiyar baya ruwa ya tsiyaye, muka tsince ciyawar da ta maƙale a gatari da fitilu. Wannan ba tsabta kaɗai ba ce. Ƙananan halittun ruwa, irin dodon koɗin nan mai zane da aka fara gani a manyan tafkunan Arewacin Amurka a ƙarshen shekarun 1980 ya kuma bazu, a jikin jirage da tireloli masu danshi suke ƙaura daga wani ruwa zuwa wani, kuma kafet na cikin abin da ya fi jinkirin bushewa. A wurare da dama doka ce ka wanke, ka tsiyaye, ka busar kafin ka shiga wani ruwan.

A hanyar dawowa ba mu yi kilomita 10 ba muka tsaya. Bel-bel ɗin baya da muka ɗaure tamau a bakin tafki sun saki har yatsu biyu na shiga, saboda sabon gashin kafet ya kwanta ƙarƙashin nauyi jirgin ya ɗan sauka. Muka ƙara musu, muka ƙara wa winci haƙori biyu, muka taɓa cibiyoyin taya, muka ci gaba. Notocin katakon ma za su nemi sifana nan da 'yan makonni, idan katakon ya gama bushewa ya ɗan tsuke.